Na'urar karanta yatsa ta ƙi magana da Arduino: ina gizo ke saƙar?

Tambaya daga wani ɗan'uwa a Agege: yana haɗa makullin ƙofar sito mai buɗewa da yatsa. Ya sayo na'urar R307 mai karanta yatsa da Arduino Uno (ƙaramin allon kwamfuta da ake loda wa kod, wato rubutaccen umarni) a Computer Village da ke Ikeja, da rile (makunnin wuta da Arduino ke sarrafawa) da makulli mai bolt 12. Idan ya sa wuta, fitilar na'urar ta haska sau ɗaya ta ɗauke, sai kwamfuta ta rubuta "Did not find fingerprint sensor". Wani lokaci kuma takan kama aiki, amma da zarar makulli ya buɗe sai komai ya tsaya cak. Ya canza kod har sau uku. A ranar da ta yi aiki ma, yatsun yaransa biyu sun ƙi shiga. Yana so ya sani ko na'urar ce ta mutu, ya koma ya sayo wata.

Malam, kada ka koma kasuwa tukuna, kuma ka ajiye kod ɗin nan ka bar taɓa shi. Na'urar da ta taɓa amsawa ko da sau ɗaya da wuya a ce matacciya ce. Matsaloli uku ne daban-daban suka haɗu a kanka: rashin magana tsakanin na'ura da Arduino, yankewar aiki lokacin da makulli ya ja wuta, da kuma yatsun da suka ƙi karantuwa. Idan ka haɗa su wuri guda kana nema musu magani ɗaya, za ka yi ta canza kod har ka gaji. Cire rile da makulli da allon rubutu idan akwai, ka bar Arduino da na'urar kaɗai a kan tebur, a jone da kwamfuta.

Wannan saƙon da kake gani ba ya nufin abin da mutane suke ɗauka. Laburaren Adafruit, wato tarin kod da aka riga aka rubuta don irin wannan na'ura, wanda kusan kowa ke amfani da shi, yana aika wa na'urar tambaya guda ɗaya a farkon aiki, wato tantance lambar sirri, sannan ya jira amsa. Idan shiru ya ji, saƙon nan zai fito. Idan amsa ta zo a hargitse, shi ne dai. Idan na'urar ta amsa lafiya lau cewa lambar sirrin ba daidai ba ce, har yanzu shi ne. Hasken da ka gani sau ɗaya kuma shaida ce kawai cewa wuta ta isa, ba ta ce komai a kan wayoyin magana ba.

Fara da mita, wato na'urar hannu ta awon wuta (multimeter). Sa ta a kan awon bolt, ka auna a bakin na'urar kanta, inda wayoyi suka shiga soket ɗinta, ba a ƙafar Arduino ba. R307 tana son tsakanin bolt 4.2 da 6, don haka bolt 5 na Uno ya yi mata daidai. Amma ka juya bayanta ka karanta abin da aka buga a kan allon, domin waɗannan na'urori sun yi kama da juna ƙwarai, kuma sau da yawa akan kira su duka da suna ɗaya a shago. Da yawa daga cikin masu ɗauke da sunan AS608 bolt 3.3 suke ci, bolt 5 na iya kashe su nan take. Idan irin wannan ce a hannunka, akwai wani tarko kuma: ƙafar 3.3 ta Uno an ƙayyade ta a miliamfa 50 ne kawai, na'urar kuwa idan ta kunna fitila tana ɗaukar hoto takan kai nan ko ta wuce. Sai ka ga ta amsa a farko, ta ɓace idan an ɗora yatsa. Maganinsa ƙaramin regileta (mai daidaita ƙarfin wuta) daban, irin AMS1117 na 3.3, a ciyar da shi daga bolt 5.

Sai wayoyi, kuma a nan ne mafi yawan aiki ke lalacewa. R307 tana da ƙafafu shida: ta ɗaya bolt 5, ta biyu GND (wayar negatif), ta uku TX, ta huɗu RX, ta biyar da ta shida kuma na gane taɓawar yatsa ne, ba ka buƙatarsu yanzu, ka naɗe bakinsu da tef ka bar su. Kada ka amince da launin waya. Hoton da ka gani a intanet mai cewa kore kaza, fari kaza, na wata igiya ce da wani kamfani ya haɗa. Taka tana iya zuwa da jeri daban. Bi lambar ƙafa da rubutun da ke jikin allo.

TX bakin na'ura ne, RX kunnenta. Baki kuwa kunne yake nema, don haka TX na na'ura yana zuwa RX na Arduino, RX nata kuma yana zuwa TX nasa. A misalin laburaren an rubuta SoftwareSerial mySerial(2, 3), ma'ana ƙafa ta 2 ita ce kunnen Arduino, ta 3 bakinsa. To TX na na'ura ya shiga 2, RX ya shiga 3. Idan kana shakka, kashe wuta ka musanya su biyun ka sake gwadawa. Gwajin minti ɗaya ne, kuma yana warware da yawa daga cikin irin wannan tambaya. Kada ka sa su a ƙafa ta 0 da ta 1, domin waɗannan su ne hanyar da Uno ke magana da kwamfuta ta USB, za ka toshe lodin kod kuma ka cakuɗa maganganu biyu a layi ɗaya.

Dubi wayoyin da kansu da kyau. Igiyar da ke zuwa da na'urar siririya ce kamar zare, 'yan silin ƙarfe ne a ciki. Idan ka murɗa bakinta ka cusa a ramin allon gwaji (breadboard, allon da ake cusa wa wayoyi ba tare da dalma ba), maƙallin da ke cikin ramin ba ya riƙe ta. Tana taɓawa idan tebur na tsaye, tana saki idan ka gifta. Wannan kaɗai ya isa ya bayyana "wani lokaci takan kama" da ka faɗa. Liƙa kowace waya da dalma a jikin ƙafar ƙarfe mai kauri, ka rufe da robar da ke tsukewa da zafi. Sannan ka sa mita a kan ƙara, wato wurin da take yin ƙara idan waya ba ta tsinke ba, ka gwada kowace waya daga soket zuwa ƙarshenta kana lanƙwasa ta a hankali. Idan ƙarar ta yanke ta dawo, waya ta tsinke a cikin roba, galibi daf da farin soket ɗin. A iskar Legas mai laima da gishiri, ramukan allon gwaji da ƙafafun wayoyi masu araha suna yin tsatsa cikin 'yan watanni, musamman a damina, don haka allon gwaji na tebur ne kawai, ba na ƙofa ba.

Akwai batun ƙarfin sigina. Ko da R307 tana cin bolt 5, ƙwaƙwalwarta a 3.3 take aiki. Abin da take aikowa ya ishi Uno, amma da ƙyar: Uno yana ɗaukar sigina a matsayin "sama" ne daga kusan bolt 3, ka ga ratar ba ta da yawa, shi ya sa doguwar waya ko GND mai rauni ke saurin ɓata magana. A ɗaya ɓangaren, Uno yana tura bolt 5 cikin kunnen na'ura. Wasu suna jurewa, amma babu dalilin caca da rizista biyu na 'yan nairori. Sa rizista 1k daga ƙafa ta 3 zuwa RX na na'ura, sannan 2k daga wannan mahaɗar zuwa GND. Bolt 5 zai sauko zuwa kusan 3.3. Layin TX kuwa a bar shi kai tsaye.

Idan wuta da wayoyi sun tabbata kuma har yanzu shiru, sai gudun magana. Na'urar tana fitowa daga masana'anta a kan 57600, shi ya sa aka rubuta finger.begin(57600). Wannan lamba daban take da 9600 da ke cikin Serial.begin, wadda ta shafi Arduino da kwamfuta kawai. Mutane da yawa suna ganin lambobi biyun sun bambanta sai su "gyara" ɗaya ta yi daidai da ɗayar, su kashe aikin da hannunsu. Gudun na'urar ana iya canza shi zuwa kowane ninki na 9600, daga ɗaya zuwa goma sha biyu, kuma yana zama a cikinta ko an ɗauke wuta. Idan an taɓa gwada ta a wani aiki, ko wani kod da ka kwaso ya canza shi ba ka lura ba, gwada 9600, 19200, 38400 da 115200 bi da bi. Ka sani cewa SoftwareSerial ba abin dogaro ba ne a 115200. Idan a can ka same ta, ka dawo da ita 57600.

Gwajin da ke yanke gardama shi ne a cire Arduino gaba ɗaya. Nemi ƙaramar adaftar USB zuwa TTL, mai CP2102 ko CH340, ana samunsu a Ikeja da Alaba. Haɗa wayoyi huɗun nan, TX da RX a gicciye, ka buɗe kowace manhajar siriyal da ke iya aika lambobin heks (irin waɗanda ke ƙasa, masu haɗa lamba da harafi), a kan 57600, ka tura wannan:

EF 01 FF FF FF FF 01 00 07 13 00 00 00 00 00 1B

Wannan ita ce ainihin tambayar da laburaren ke yi. EF 01 buɗe magana ne, FF huɗu adireshin na'ura, 13 umarnin tantance lambar sirri, sifilai huɗun da suka biyo baya lambar sirrin asali, 00 1B kuma jimillar tantancewa. Lafiyayyar na'ura za ta mayar da:

EF 01 FF FF FF FF 07 00 03 00 00 0A

Dubi lamba ta goma, kana ƙirga su bibbiyu kamar yadda aka rubuta su. Idan 00 ce, na'urarka kalau take, laifin yana wajen Arduino ko wayoyinsa. Idan 13 ce, an canza mata lambar sirri, kuma sai ka sa sabuwar lambar a kod kafin ta saurare ka. Wanda ya manta ta ya shiga wahala, don haka kada ka yi wasa da setPassword ba tare da ka rubuta lambar a takarda ba. Idan 01 ce, ta ji ka amma saƙon ya iso a gurɓace. Idan shiru ne a duk gudun da ka gwada, da wayoyin da ka tabbatar, kuma mita na nuna wuta daidai, a nan ne kawai za a ce ta mutu.

Ga masu karatu da ke kan wani allo: a Arduino Mega ƙafa ta 2 ba ta karɓar SoftwareSerial, yi amfani da Serial1, RX a 19, TX a 18. A ESP32 babu buƙatar rizistocin can domin shi ma 3.3 ne, amma ka rubuta ƙafafun da kanka, misali Serial2.begin(57600, SERIAL_8N1, 16, 17), saboda ƙafafun asali sun canza tsakanin tsoffin sigogin manhajarsa da sababbi. Idan kuma ESP32 ɗinka nau'in WROVER ne, 16 da 17 ba naka ba ne, ƙwaƙwalwar ƙari ce ke amfani da su, zaɓi wasu.

Yanzu makulli. Abin da ke cikin makullin nan naɗin waya ne da ke zama maganaɗisu. Lokacin da ya ja, yana zuƙar wuta mai yawa a bugu ɗaya, daga rabin amfa zuwa sama da amfa gwargwadon girmansa, sai wutar kowa ta faɗi. Lokacin da rile ya sake shi kuma, naɗin yana mayar da wani bugun bolt mai tsawo a juye, wanda ke bin wayoyi ya rikita Arduino ko na'urar. Lura da wane lokaci ne abin ke tsayawa. Idan daidai lokacin buɗewa ne, wuta ce ba ta isa ba. Idan lokacin sakewa ne, bugun baya ne.

Na biyun dayod guda ke maganinsa, wato ɗan abin da ke barin wuta ta wuce ta gefe ɗaya kawai. Sa 1N4007 a kan wayoyi biyun makullin, kusa da shi gwargwadon iko, gefen da ke da zoben fari yana kallon wayar fositif. Idan ka juya shi, ka haɗa fositif da negatif na adafta kusan kai tsaye, zai yi zafi ya ƙone, don haka duba sau biyu. Na farkon kuwa sai an gyara tsarin wuta. Nemi adafta mai bolt 12 da amfa 2 na gaskiya, domin abin da aka rubuta a jikin masu araha ba kullum ne yake cika ba. Auna shi makulli yana ja, ka ga ko ya tsaya kusa da 12. Makulli ya sha kai tsaye daga adafta ta hanyar rile. Arduino da na'urar da naɗin rile su sha daga ƙaramin allon rage wuta irin LM2596, wanda za ka juya ɗan sukurunsa har mita ta nuna bolt 5 kafin ka jona masa komai. Dukan GND su haɗu, amma wayar dawowar makulli ta tafi adafta da kanta, kada ta ratsa ta allon Arduino. Sannan sa kafasita mai 470 maikrofarad da ƙarama mai 100 nanofarad a kan wutar na'urar, daf da soket ɗinta.

Me ya sa ba za a cusa bolt 12 ɗin a bakin Uno kawai ba? Ana iya yi, amma regiletansa yana zubar da rarar ne a matsayin zafi. Uno da na'ura da rile da allon rubutu suna iya kai miliamfa 200. Bolt 7 na rara sau wannan ya ba ka wat 1.4 a kan ɗan abin da bai kai farce ba, a cikin rufaffen akwati, a ƙofar ƙarfe da rana ta Legas ke duka. Zai yi aiki da safe, ya ɗauke da azahar, ka yi ta zargin kod. Batirin bolt 9 mai kusurwa huɗu kuma kada ma ka fara.

Wani abu da ya shafe mu a nan musamman: ɗaukewar wuta da komawa janareta. A misalin laburaren, idan ba a sami na'ura a gwajin farko ba, kod yana shiga while (1) ya zauna har abada. A kan tebur wannan ba komai. A ƙofar sito kuwa, idan wuta ta dawo da rawa, na'urar ta makara kaɗan wajen farkawa, ƙofarka ta kulle ke nan sai wani ya cire soket ya mayar. Wannan gyaran kod ne da ya wajaba: maimakon tsayawa, ya riƙa sake tambaya kowace daƙiƙa har ta amsa, haka nan idan kuskuren sadarwa ya maimaitu a tsakiyar aiki. Yatsun da ka yi wa rajista ba sa gogewa da ɗaukewar wuta, suna cikin ƙwaƙwalwar na'urar ne. Amma irin makullin nan a kulle yake zama idan babu wuta, saboda haka lallai a sami ƙaramin batiri mai bolt 12 na ajiya, da mabuɗin hannu, kuma wanda ke ciki ya iya fita ba tare da wuta ba. Kada a yi sakaci da wannan. Idan daga baya za ka ƙara allon SIM800L mai ɗaukar layin waya don aika saƙo, ka sani yana zuƙar har amfa 2 a bugu, kuma SoftwareSerial biyu ba sa sauraro lokaci ɗaya a Uno; gara ka koma Mega ko ESP32.

Saura yatsun yaran. R307 da haske take aiki: gilashi ne da fitila da ƙaramar kyamara a ƙasa, tana bambanta tudun zanen yatsa da ya taɓa gilashi da kwarin da bai taɓa ba. Kowane mataki na rajista yana mayar da lamba, kuma lambar ce za ta gaya maka abin da ya faru, don haka ka sa kod ya buga ta. 02 na nufin ba ta ga yatsa ba. 06 hoto ya cakuɗe, kusan kullum jiƙaƙƙen yatsa ne: gumi, ko ruwan alwala da bai bushe ba, ya cike kwarin, hoto ya zama baƙin tabo. 07 alamomi sun yi kaɗan, wato yatsa ya bushe ƙarau, ko zanen ya side, ko an ɗora kan yatsa kawai. 0A kuma hotuna biyun rajista ne suka ƙi haɗuwa, saboda an karkata yatsa tsakanin ɗorawa ta farko da ta biyu, ko an canza yatsan ma.

Fara duba ko ka ɓare siririyar ledar da ke kan gilashin. Goge shi da ƙyalle mai laushi. Maiƙon hannu, ƙurar gari da man ja duk suna barin tabon da kyamara ke gani. Hasken rana kai tsaye yana makantar da ita, yi mata 'yar rumfa. Mai gumi ya goge yatsa a riga kafin ya ɗora. Mai busasshen yatsa, kamar lokacin hunturu, ya huro masa numfashi ko ya shafa shi a goshi. A kwantar da tsakiyar yatsa a kan gilashi, a danna matsakaici, a tsaya har fitila ta gama, a ɗaga gaba ɗaya, a mayar a wuri guda.

Idan yaran naka masu dakon buhuna ne, ko suna taɓa siminti, ko wanki da sabulu mai kaifi, zanen babban yatsa da manuni ne ke fara sidewa. Gwada na tsakiya ko na zobe, a hannun da ba su cika aiki da shi ba. Lalle mai duhu a kan yatsa ma yakan rage ingancin hoto. Yi wa kowane mutum rajistar yatsu biyu, kowane yatsa sau biyu ko uku a lambobi daban, kana ɗan sauya kwanciyarsa. R307 tana da gurbi har 1000, ba za ka cika ta ba. Ka riƙe littafin wa ke da wace lamba, domin na'urar lamba kawai ta sani, kuma idan ka ajiye sabon yatsa a lambar da ke da mai ita, za ta goge na farko ba tare da ta tambaye ka ba.

Matakin tsananin tantancewa daga 1 zuwa 5 ne, tana zuwa a kan 3. Saukar da shi zuwa 2 zai sa ta rage korar masu gaskiya, amma yana ƙara yiwuwar ta karɓi yatsan da ba ta sani ba. Ga rajistar halartar ɗalibai a makarantar Islamiyya ana iya yi. Ga ƙofar da dukiya ke bayanta, ka bar shi a 3, ka gyara rajistar. Idan kuma ka ba wani lamba sama da 160 da 'yan kai, rajista ta shiga amma kullum amsar 09 kake samu, wato ba a same shi ba, duba wane umarnin nema kake kira: fingerFastSearch na wannan laburaren gurabu 163 na farko kawai yake dubawa. Kira getParameters a farkon kod domin ya san girman ƙwaƙwalwar, sannan ka nema da fingerSearch.